Aro ko Sata? Tsokaci a Kan Gutsuren Kiɗa

Masu iya magana kan ce, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan karin magana ya dace da wata al'ada da ta bunƙasa a waƙoƙin hip-hop na Amurka tun shekarun 1980, inda makaɗi kan yanko gutsuren kiɗa daga tsohon faifai, ya sa na'ura ta riƙa maimaita shi, sannan ya ɗora sabuwar waƙa a kai. Shin wannan aro ne, ko kuwa sata?

Alal misali, a 1969 ƙungiyar The Winstons ta fitar da wani kiɗa mai suna Amen, Brother. A tsakiyarsa, mai ganga Gregory Coleman ya yi kiɗa shi kaɗai na kimanin daƙiƙa 7. Wannan ɗan gutsure ya shiga dubban waƙoƙi a Amurka da Ingila, wasu suka yi arziki da shi, amma Coleman ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, ko kwabo bai samu ba daga wannan aro.

Aro kansa ba aibu ba ne. Kowane makaɗi a gaban wani ya koya, kuma akwai gwaninta wajen tono abin da aka manta a sake raya shi. Daɗin da mai sauraro ke ji idan ya tsinkayi tsohon kiɗa cikin sabuwar waƙa tamkar na wanda ya ga kamannin kaka a fuskar jika ne. Aibun yana ga ɓoye sunan mai abu, domin wanda aka shafe sunansa an shafe haƙƙinsa.

A nan ne darajar masu bin diddigin asalin kiɗa take. Aikinsu ya yi kama da na malamin da ba ya karɓar zance sai ya san daga bakin wa ya fito. Sanin asalin gutsuren Coleman ne ya sa a 2015 masoya kiɗa suka tara fiye da fam 20,000 suka miƙa wa jagoran ƙungiyar, Richard Spencer. Sai dai Coleman ya riga ya kwanta dama.

Saboda haka, ambaton suna somin-taɓi ne kawai. Mai aro na gari shi ne wanda ya nemi izini, ya faɗi mai abu, ya kuma biya shi tun yana raye.