Buhun da ke Ƙarƙashin Keken Tela

A goman ƙarshe na watan azumi, duk wanda ya bi ta shagunan teloli a Panshekara ko Na'ibawa ko Chiranchi a Kano abu ɗaya zai tarar: janareta na kuka, keke na gudu har asuba, mai kaya na tsaye a bakin ƙofa yana tuna wa tela alkawari. Idon kowa yana kan abin da aka rataye. A ƙarƙashin keken kuwa ƙyallaye ne jibge, bakin shadda, kusurwar atamfa, guntun leshi, da duk abin da almakashi ya fitar daga wuyan riga da hammata. Kafin a ga wata, ƙaramin shago ma sai ya cika buhu.

Bayan Sallah buhunan nan hanya biyu suke bi. Wasu a juye su a bola, ko a cinna musu wuta a bayan shago. Wasu kuma yaro ya zo da saƙo daga cikin gida: "Inna ta ce a gaishe ka, wai in da ƙyallaye a sam mata." Abin da Innar ke yi da su ya isa a tsaya a duba.

Ba da allura take farawa ba. Tabarma take shimfiɗawa ta zazzage buhun, ta zauna tsinta, kuma wannan zaman ya fi ɗinkin cin lokaci. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka launi take bi, ja da ja, shuɗi da shuɗi. A'a, nauyi take bi tukuna. Kowane ƙyalle sai ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗan ja shi ta ji ƙarfinsa. In aka haɗa shadda mai kauri da yadi mai shara-shara, wanki biyu ko uku mai ƙarfin zai yage mara ƙarfin daidai bakin ɗinki. In aka haɗa auduga da yadin roba, audugar ta ɗan tsuke bayan wanki, robar ta ƙi, shimfiɗar ta tattare. Mai zuba kuwa, musamman ja da baƙi, sai an jiƙa shi daban an ga halinsa, don kada ya ɓata maƙwabtansa. Sai duk wannan ya kammala sannan a zo maganar wane launi zai zauna kusa da wane.

Daga nan girma ne ke raba wa kowa aikinsa. Masu faɗin tafin hannu a yanka su murabba'i daidai wa daida, ana bin tsayin zare, domin wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi. A jera su layi-layi, a haɗa layukan su zama fuska guda. A sa tsohon zane ɗaya ko biyu a tsakiya, a yi shafi a baya, sannan a bi da ɗinki yana ratsa duka ukun don kada na cikin ya dunƙule gefe guda. Bargo ya samu ke nan, kuma duk wanda ya kwana a gefen kogin Challawa cikin hunturun Disamba da Janairu ya san darajarsa. Dogaye sirara a cusa su cikin idon buhu a ƙulla, su zama abin goge ƙafa, ko a naɗe su gammo. 'Yan mitsi-mitsin da ba su kai a kama da allura ba, su ne cikin matashi. Ragowar ta yara ce: 'yan mata su ɗinka wa 'yar tsana kayan Sallah, wanda nan ne da yawa daga cikin matan da ke ɗinki yau suka fara riƙe allura, samari kuma su naɗa ƙwallon tsumma.

Masu kusurwa uku, waɗanda suka fi yawa a shagon mai ɗinkin mata, na ado ne. A ninka bakinsu a kan igiya a bi da ɗinki, sai ga jerin 'yan tutoci da ake ratayawa daga wannan katanga zuwa waccan a watan Mauludi, ko ranar saukar karatu a Islamiyya, ko a ƙofar gidan da ake dakon dawowar alhaji. Yau yawanci na leda ake saye. Suna da sheƙi, ba musu, amma mako biyu rana ta cinye launinsu, iska ta tsinka su, su ƙare a kwata. Na ƙyalle kuwa a kwance su a wanke a ajiye a ƙasan akwati, baɗi a fito da su. Masu tashe ma, da suke fitowa daga goma ga azumi, da tsumma suke yin tumbi da rawani, haka yaran da ke hawan dokin kara suna kwaikwayon hakimai da ƙyallaye suke yi wa karan ado.

Kada wani ya ce wannan sabon salo ne da aka gano a waya. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wanda aka ce ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi kuwa ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki, fuskarsa an haɗa ta da yanka-yankan yadi masu launi daban-daban, har ya iya tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa. Har gobe 'yan lifida na fitowa a hawan Sallah, hawan da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024. Dabarar da ke jikin dokin nan ita ce a bargon Inna. Kura kuma, nan kusa da mu, da me ta yi suna kafin shinkafa? Da turkuɗi, wanda ake saƙa shi siri-siri, a harhaɗa da allura, a rina a baba, a buga har ya yi ƙyalli, Buzaye su saya su kai cikin Sahara. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Arzikin nan da haɗa ƙananan ƙyallaye aka gina shi. A Amurka ma, bargunan da matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama suka ɗinka da tsofaffin kayan aikin gona, a 2002 an rataye su a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York. Namu kuwa in baƙi za su zo sai a naɗe shi a tura ƙarƙashin gado, wai kayan talaka ne. Wannan kunyar ba ta da tushe, kuma tana cikin abin da ke kashe sana'ar.

Abin da na fi so a lura da shi yana cikin zaman tsintar nan. Ƙanƙanta ba ita ke mai da ƙyalle shara ba, cakuɗa ce. Buhun da ya fito daga shago a tsabtace kayan aiki ne. Wannan buhun dai, in aka zuba masa ledar ruwa da ɓawon rake da ragowar shinkafa, ya kwana biyu a bola, ba mai sake sa hannu a ciki. Iyayenmu sun san haka ba tare da wani ya yi musu lacca ba. Ragowar tuwo na ɗumame ne, dusa ta akuya ce, toka tana da wurinta, tsumma yana da nasa ƙunshin. Abin da ke isa juji kaɗan ne, kuma kusan duka mai ruɓewa ne.

Shi ya sa manoman kewayen birni, har da namu na Kumbotso, suka daɗe suna ɗibar juji a kan jakuna suna kai wa gona a matsayin taki. A lokacin tufafi na auduga ne, tsumma ya shiga ƙasa damina ɗaya ko biyu ya narke. Yanzu fa? Masaƙun Kano da Kaduna yawancinsu sun rufe, kaso mai yawa na abin da ake saukewa a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, kuma mai araha a cikinsa roba ce zalla ko gauraye. Irin wannan ba ya ruɓewa. Manomi ya sayi tifar juji, sai ya sa yara su yini suna tsince leda da ƙyalle, abin da ya kuɓuce musu ya naɗe a bakin garma shekara da shekaru. In an ƙone shi ya narke ya yi baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. In ruwa ya ɗauke shi ya toshe magudana.

Ka bi hanyar Zariya ka wuce zuwa Kura da Kadawa, ko ka karkata Bunkure. Ruwan da ke raya shinkafa da alkama da tumatir a can daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ta hanyoyin ruwa manya da ƙanana yake isa kowane fili. Duk inda hanyar ta ratsa gari, akwai mai zuba shara a ciki yana ganin ruwa zai tafi da ita. Yakan tafi da ita, amma zuwa bakin wata ƙaramar mashiga, inda tsumma da leda da ciyawar kachalla za su haɗu su tare hanya, manomin da ke can ƙarshen layi ya kwana yana jiran ruwan da bai zo ba. Alhali manomin nan da kansa mai neman ƙyalle ne: dogayen yanka yake ɗaurawa a igiya ya ja ta saman shinkafa don korar tsuntsu, da tsohuwar riga yake yin mutum-mutumi.

Ba zan ce sana'ar ƙyallayen nan tana kawo kuɗi mai yawa ba. Bargo ɗaya yana cin kwanaki, mai saye kuma yana kwatanta farashinsa da na bargon gwanjo, ya ce, "Haba Hajiya, ba ƙyallaye ba ne?" Yana ƙin biyan aikin hannu ne saboda kayan kyauta aka samu, ya manta aikin shi ne abin da yake saye. Duk da haka, ga matar da ke cikin gida da keke ko da allura kawai, jari ne da ba ya buƙatar bashi, kuma kuɗin zubin adashe na fita daga ciki.

Akwai kuma maganar amana, wadda teloli masu tsoron Allah ba sa wasa da ita. Yadin na mai shi ne har ragowarsa. Ɗan abin da almakashi ya zubar al'ada ta yafe shi, amma abin da zai fitar da hula ko rigar jariri sai a naɗe shi cikin kayan a mayar, ko a tambaya. Kalma ɗaya ce lokacin karɓar ɗinki: "Alhaji, in an sami ragowa a bayar?" Da wuya ka ji wanda ya ce a'a. Bayan wannan abin da ya rage wa tela shi ne buhu biyu a gefen keke maimakon ɗaya, na ƙyalle daban, na shara daban, ya kuma hana yaran shago jefa ledar ruwa a na farkon. Wanda ya yi haka ba zai nemi mai ɗauka ba, matan unguwa za su riƙa aiko yara tun kafin buhun ya cika.