Yaron da Ba Ya Tsayawa a Sahu: Nauyin Wa Ne?



Akwai tambayar da iyaye ke yawan kawo min a nan Unguwar Gano. Yaro ya kai shekara shida, ba ya magana sosai, ba ya haɗa ido da mutane, ƙarar lasifika tana sa shi toshe kunne ya fasa ihu. An ce a daina kawo shi Islamiyya. Maƙwabta sun ce aljanu ne, wasu ma su ce ɗan ruwa ne. To shin ya halatta jama'a su ture shi gefe don su samu natsuwa?

Likitoci suna kiran wannan yanayi otizim, a rediyo kuma za ka ji ana cewa galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta shi a 1943, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi. Ƙwaƙwalwarsa ce take karɓar sauti da haske da magana ta wata hanya daban. Babu laifin uwa a ciki, balle rashin tarbiyya. Kuma ba duka suka zama ɗaya ba: wani sai an kula da shi har girmansa, wani haddarsa ta fi ta sa'o'insa.

A fiƙihu, taklifi yana tafiya ne gwargwadon hankali da iko. Amma karamcin da Allah Ya yi wa ɗan Adam bai gindaya masa sharaɗin iya magana ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da ke da wani abu a hankalinta ta tare Annabi (SAW) da buƙata. Ya ba ta zaɓin hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama.

Mai cewa yaron yana hana khushu'i, ai yana da hujja. Sai dai Annabi (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, don tausayin uwarsa. Ka ga jama'a ce ta sassauta saboda mai rauni. Ni a fahimtata, kula da waɗannan yara farali ne na kifaya. In an bar uwa ita kaɗai, unguwa gaba ɗaya ke da laifi.

Me za mu yi? Asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan kusa, kan titin Zariya. A kai yaro da wuri a duba shi. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, amma duka da ɗauri da sunan cire aljani zalunci ne, wallahi. Islamiyyun Gyadi-Gyadi da Tarauni su ware ƙaramin aji marar hayaniya. Masu hali su taimaki iyaye marasa ƙarfi da kuɗin asibiti. Mata su riƙa karɓar uwar ko na awa biyu ne, ta huta. Mu hana yaranmu tsokanarsa da kiransa dolo.

Tun Janairun 2019 Najeriya take da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman. Abin kunya ne fa a ce sai doka ta tuna mana abin da Sunna ta riga ta koyar.

Allah Ya ba iyayensu juriya da lada, Ya sa mu zame musu gata. Amin.