Raunin Da Ba Ya Fid Da Jini

Idan mutum ya ɗauki sanda ya fasa wa wani kai, maganar ba ta da wuya. A kai su gaban alƙali, a duba rauni, a kira shaidu, a yanke hukunci. Amma idan mutum ya shekara yana yi wa wanda ke ƙarƙashinsa tsawa, yana muzanta shi gaban jama'a, yana sa shi ya kwana da fargaba ya tashi da ita, da wuya a sami mai karɓar ƙara, domin ba jini, ba tabo, ba abin da za a nuna. Shi mai tsawar ma, in an yi masa magana, cewa zai yi, "Na taɓa shi ne?" To, ga tambayar da ta kamata a tsaya a kanta: shin wanda ya jefa tsoro ko baƙin ciki cikin zuciyar wani, alhali bai taɓa jikinsa ba, ya cuce shi cuta ta gaskiya, ko kuwa iska ce ta bi ta wuce? Tambayar ta shafi uba da ɗansa, da malami da almajirinsa, da miji da matarsa, da babban ma'aikaci da yaran ofishinsa.

Harshen Hausa ya daɗe da ba da tasa amsar, gama ba ya ajiye waɗannan abubuwa ko'ina sai cikin jiki. Wanda ya ji mugun labari a ce gabansa ya faɗi, wanda ya tsorata a ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantarsa ta kaɗa. Murna da ɓacin rai kuwa sunansu farin ciki da baƙin ciki. Amma salon magana ba ya zama shaida. Likitoci da masanan halin ɗan Adam na Turai da Amurka sun yi shekara wajen 200 suna neman shaidar da ido zai gani, abin da suka samu kuwa ya isa a saurara.

Cikin shekara ta 1822, a wani tsibiri na Amurka mai suna Mackinac, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, a ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa har ya tashi, amma raunin ya warke ya bar wata kafa da ba ta rufe ba, wadda ta kai har cikin tumbinsa. Ta wannan kafa likitan ya riƙa ɗaura 'yar lomar abinci da zare, ya zura, in an jima ya jawo ya ga yadda ta narke. Ya yi gwaji fiye da 200, ya buga labarinsu cikin 1833. Cikin abin da ya gani har da wannan: ran da saurayin ya yi fushi ko ya tsorata, sai launin tumbin ya sake, ruwan da ke narka abinci ya ragu, abinci ya daɗe bai narke ba.

Kafin ƙarnin nan ya ƙare, wani ɗalibin likita a jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya sami hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ya riƙa ciyad da kyanwa abinci haɗe da wani gari da ke fita a hoton na'urar hangen cikin jiki, ya zauna yana kallon cikinta yana motsi yana tura abinci. Da kyanwar ta fusata ko ta firgita, sai motsin ya tsaya cik. In an shafa ta, ta kwantad da rai, sai ya komo. Daga nan ya bi sawun al'amarin shekara da shekaru, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1915. Ashe bisa kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Sa'ad da tsoro ya zo, sai ta zuba wani ruwa cikin jini, wanda a ke kira adiranalin. Nan da nan zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru cikin jini, jinin kuma ya bar ciki ya nufi damatsa da cinyoyi. Watau jiki ya ajiye sauran ayyukansa duka, ya shirya ko a yi faɗa ko a yi gudu.

Wannan shiri alheri ne ga wanda ya yi arba da kura a daji, domin cikin ɗan lokaci ko ya tsira ko bai tsira ba, magana ta ƙare. Wahalar tana ga wanda kurarsa ke gida ɗaya da shi. Cikin 1936 Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana wahalshe su, ko da sanyi, ko da gajiya, ko da rauni, duk abu guda ke samunsu: 'yar tsokar nan ta kan ƙoda ta kumbura, gaɓoɓin da ke tsaron jiki daga cuta su motse, gyambo ya fito a tumbi. Daga baya aka gane akwai wani ruwa na biyu, kotizol, wanda in ya daɗe da yawa cikin jini ya kan raunana garkuwar jiki.

Mai karatu ya iya cewa wannan labarin kyanwa ne da ɓera. To, ga na mutane. Cikin 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka ba da labarin wani gwaji da aka yi a garin Salisbury na Ingila. Mutum 394 masu lafiya suka yarda aka ɗiga musu ƙwayar mura a hanci, aka killace su ana dubawa, bayan an tambayi kowa irin damuwar da ke ransa. Cikin waɗanda damuwarsu ta fi ƙaranci, kamar 27 cikin ɗari suka yi mura. Cikin waɗanda tasu ta fi yawa, kamar 47. Cikin 1995 kuma, a jami'ar jihar Ohio, Janice Kiecolt-Glaser ta yi wa mata 13 masu jinyar 'yan'uwansu da gigin tsufa ya kama ɗan yanka ƙarami a hannu, ta yi wa waɗansu mata 13 tsararrakinsu irinsa. Na masu jinyar ya ɗara na sauran da kwana 9 kafin ya rufe. Bayan shekara 3 aka sake gwadawa da ɗalibai 11 masu koyon aikin haƙori. Aka yi wa kowa ɗan rauni a ganɗa lokacin hutu, aka sake yi masa wani ana saura kwana 3 jarrabawa. Raunin jarrabawa ya fi na hutu daɗewa da kamar kwana 3. Mutum ɗaya ne, baki ɗaya ne, abin da ya bambanta sai abin da ke ransa.

Amma fa kada a zarce. An daɗe likitoci suna gaya wa masu gyambon ciki cewa damuwa ce ta jawo musu, har waɗansu likitoci biyu na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna yawancinsa aikin wata ƙwayar cuta ne. Marshall ya sha ƙwayar da kansa cikin 1984 don a yarda da shi, su biyun suka sami lambar Nobel cikin 2005. Saboda haka wanda ya tsaya kan majinyaci ya ce masa, "Kai ka sa wa ranka damuwa, shi ya sa ka kwanta," ya ƙara masa ciwo bisa ciwo, kuma mai yiwuwa ne ya hana shi neman maganin da zai warkad da shi. Iyakar abin da bincike ya tabbatar shi ne, damuwa mai daɗewa tana rage wa jiki ƙarfin tsaron kansa da gyaran kansa. Wannan kuwa ya isa ya zama cuta. Jiki bai san daga ina damuwar ta fito ba, ko daga jinya, ko daga jarrabawa, ko daga bakin maigida.

Saura maganar ilmi, inda masu tsoratarwa su ke da hujjarsu mafi ƙarfi. Su kan ce yaro ba ya koyo sai da tsoro. Cikin 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka gwada wannan a Harvard. Suka sa ɓera gaban ƙofa biyu, ɗaya fara ɗaya baƙa, in ya shiga baƙar wutar lantarki ta ja shi. Sa'ad da farar ke fara fat, baƙar kuma baƙa wuluk, ƙarin zafin wutar ya sa ɓeraye saurin koyo. Da aka rage bambancin ƙofofin har sai an lura sosai kafin a rabe su, sai labari ya sake: wuta mai tsanani ta sa su yawan kuskure, matsakaiciya ta fi kowace amfani. Ɓerayen ba su da yawa, ɓera kuma ba yaro ba ne, amma gwajin ya nuna hanya. Tsoro mai tsanani yana koyad da abu mai sauƙi, yana kuwa rikita mai koyon abin da ke bukatar natsuwa.

Cikin 1998 Dominique de Quervain da abokansa a Kaliforniya suka ƙara wani haske. Suka koya wa ɓeraye inda wani ɗan tudu ya ke ɓoye cikin babban daron ruwa, har suka san wurin. Ran gwaji aka firgita waɗansu da wuta ana saura minti 2, waɗansu ana saura minti 30, waɗansu ana saura awa 4. Na minti 30 kaɗai suka kasa tuna wurin, domin daidai lokacin nan ne ruwan damuwa ya ke cika jini. Ilmin bai ɓace ba, tun da na awa 4 sun tuna, ƙofarsa ce ta rufe na ɗan lokaci. Kowane malami ya san yaron da ya iya karatunsa sarai jiya da dare, yau da ya ga bulala sai ya tsaya yana in'ina. Abin da a kan yi masa kuwa shi ne a ƙara masa bulalar da ta rufe ƙofar.

Dattawa da yawa za su ce ai su da bulala aka koya musu, ga shi sun zama mutane. Ba a ce ƙarya su ke yi ba. Sai dai masu faɗin haka su ne waɗanda suka kai gaci. Waɗanda suka gudu daga makaranta, da waɗanda suka zauna amma suka ƙi karatu har ransu, ba sa nan wurin da a ke wannan hira, ba mai ƙidaya su. Har wa yau ya kamata a duba abin da tsoro ke koyarwa a ɓoye. Yaron da ke tsoron duka ya kan koyi rufe jahilcinsa, ya daina tambaya, ya ce ya gane alhali bai gane ba. Cikin 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 a kan yara fiye da 160,000 game da dukan da iyaye ke yi don horo. Ba su sami shaidar yana ƙara biyayya ba. Abin da suka samu yana tafiya tare da shi shi ne ƙarin faɗa, da ƙarin damuwa, da raguwar fahimta. Irin wannan lissafi ba ya tabbatad da cewa dukan ne kaɗai sanadi, amma mai cewa duka na gyara shi ya rage ya kawo tasa shaidar.

Wannan ba kira ba ne zuwa ga sakaci. Ɓerayen 1908 da wutarsu ta yi sanyi ƙwarai su ma ba su yi saurin koyo ba, gama wanda bai damu da kome ba ba ya lura da kome. Akwai ɗan faɗuwar gaba mai amfani, irin na wanda ya san za a tambaye shi aikinsa gobe. Akwai kuma kwarjini, wanda ya sha bamban da tsoratarwa. Yaron da ke ganin girman malaminsa yana jin kunyar ya zo masa hannu wofi, hankalinsa duk yana kan karatu. Yaron da ke tsoron malaminsa kuwa rabin hankalinsa yana kan hannun malamin. An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma masassaƙi ya san ɗanyen icce ma yana tsagewa in an danne shi da gaggawa.

Amsar tambayar farko ke nan ta fito. Wanda ya sa tsoro ya zauna cikin zuciyar wani ya taɓa jikinsa, ko da bai ɗaga hannu ba: ya taɓa cikinsa, da jininsa, da warkewar rauninsa, da abin da zai iya tunawa. Alƙali ba shi da ma'aunin da zai ce kashi kaza na ciwon nan daga tsawar wane ya fito, don haka da wuya shari'a ta kai can. Tsoro kuwa kullum daga sama ya ke gangarowa, daga mai iko zuwa ga wanda ba shi da bakin kai ƙara. Nauyin duka sai ya komo kan mai ikon, shi ne mai laifi in an yi, shi ne kuma kaɗai mai iya hanawa.

Wanda ke so ya san matsayinsa cikin wannan al'amari yana da hanyar gwada kansa, ba sai da likita ba. Ya lura da abin da ke faruwa sa'ad da ɗansa, ko almajirinsa, ko yaron ofishinsa ya yi kuskure. In ya kan kawo masa kuskuren da kansa ya ce a gyara masa, to, kwarjini ne ke tsakaninsu, ilmi kuwa zai shiga. In ya kan ɓoye har sai an tono, to, tsoro ne, ya kamata mai ikon ya sake hali tun yaron bai saba da ɓuya ba.