Gwaninta Gado Ce Ko Amana?

Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta a wannan fitowa ita ce: idan mutum ya iya wata sana'a har ya gwanance, iyawar nan mallakarsa ce, ya ba wanda ya ga dama ya hana wanda ya ga dama, ko kuwa ajiya ce a hannunsa wadda wata rana za a tambaye shi yadda ya yi da ita? Za mu auna tambayar da sana'a guda, wato gyaran cikin ɗaki da ƙawata shi, gama a ƙasar Auyo da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja maganar ta wuce ta fatar baki.

Kowa a wannan yanki ya san abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gidajen ƙasa. Inda ruwa ya kwana, katanga ta jiƙe ta zube, kuma masu hali suna sāke gini da bulo da siminti da kwano. Sabon gini kuwa yana neman sabon hannu: mai shafe, mai sa tayil, mai silin ɗin filasta da ake kira fi-o-fi, mai fenti, kafinta, mai ɗinkin labule, da wanda zai tsara yadda duk waɗannan za su zauna tare har ɗaki ya yi daɗin zama. A manyan birane irin su Kano da Abuja, sau da yawa samari daga Kwatano da Togo ne ake kira su yi aikin silin, domin sun koya sosai, kuma sun cancanci ladansu. Namu samarin galibi yashi suke ɗauka, su kwaɓa siminti, a sallame su da yamma. Shekara goma mutum yana lebura a gefen gwani, bai taɓa riƙe cokalin shafe ba. Laifin wa ke nan?

Kada mu ɗauka adon cikin gida baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Maginan dā sun san yadda ake ɗaure azara a tā da bakan gizo ya riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, don bango ya jure wa damina. Sun iya zana dagi a fuskar zaure da yatsa tun ƙasa tana ɗanya. Mata kuma su ne masu daɓe, su ne masu jere, waɗanda ke shirya kwanuka da tasoshi da faya-fayai a ɗakin amarya har mai shiga ya tsaya yana kallo. Duk wannan ilimi ne, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ranar da mai shi ya mutu bai koyar ba, tare ake binne su.

A tsarin dā, sana'a ta gado ce. Ɗan magini shi ke zama magini, ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda kuma ya shigo daga waje ana kiransa ɗan haye ko shigege, ana yi masa kallon mai karambani. Lalle ne mu yi wa wannan tsari adalci. Uba yana koya wa ɗansa da haƙurin da ba zai yi wa bare ba, gidan da aka sani da aiki yana tsoron ɓata sunansa, kuma sirrin sana'a shi ne gonar wanda ba shi da gona. Amma tsarin yana da rami a cikinsa. Ba kowane ɗan magini ke son gini ba, kuma baiwa ba ta tambayar sunan gida kafin ta sauka. Idan 'ya'yan gwani suka tafi aikin gwamnati, ɗan masunci kuma da ke da hannun zane aka hana shi shiga, sai sana'a ta mutu a tsakanin mai gadon da ba ya so da mai son da ba shi da gado.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ginin da masana har yanzu suke zuwa nazarin rufinsa. Ana ba da labari cewa bayan ya yi irin wannan aiki a Birnin Gwari, sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani gari abin da ya fi shi. Labarin baka ne, amma abin da yake nunawa gaskiya ne game da zuciyar ɗan adam: akwai mai son abu mai kyau, akwai kuma mai son a ce shi kaɗai ke da shi. Gwanin da ya tura yaronsa sayen ƙusa a daidai lokacin da zai haɗa kala ko ya auna kusurwa, ƙaramin ɗan'uwan wancan mai kisa ne, gama shi ma ya zaɓi gwaninta ta mutu da ta je gidan wani.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka da Ingila, sana'ar tsara cikin gidaje ta daɗe a hannun fararen fata masu hali, domin akan shiga ta ne ta hanyar sanin wani, da yin watanni ana koyo ba albashi, abin da ɗan talaka ba zai iya ba. A 2018 Malene Barnett ta kafa ƙungiyar baƙaƙen fata masu zane da tsara gidaje a Amurka. A 2020, shekarar da kisan George Floyd ya girgiza duniya, Sophie Ashby da Alexandria Dauley suka kafa United in Design a Ingila, suka tsara yadda ɗan koyo baƙar fata ko ɗan wata ƙaramar ƙabila zai yi shekara yana zagaya kamfanoni, ana koya masa ana kuma biyansa. Abin lura shi ne, babu wata doka da ta hana baƙar fata shiga wannan sana'a a lokacin. Ƙofa a buɗe take a takarda, amma tsani ne babu.

Mu a nan launin fata bai raba mu ba, sai dai muna da namu shingayen. Akwai na asali, inda ake cewa wane ɗan masunta ne, wane ɗan Fulanin daji ne, wane Bamaguje ne. Akwai na takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema kafin a ba da tallafin karatu na jiha, har yaron da aka haifa a Haɗeja, ya girma a Haɗeja, bai san wani gari ba, a ce masa ya koma inda kakansa ya fito. Akwai na mace, wadda aka yarda ta yi jere kyauta a ɗakin 'yar'uwarta, amma da ta ce za ta koyi aikin ta riƙa karɓar kwangila sai a ce ta yi rawar kai. Akwai na talauci, wanda ya fi su duka tsawo.

Mutanen Auyo suna da dalili na musamman na yin tunani a kan shingen asali. Kakanninsu suna da harshensu, Auyokanci, wanda yanzu babu mai magana da shi, kamar yadda Shiranci da Teshenanci suka ɓace a maƙwabta. Masarautar Haɗeja ta tara Auyokawa da Mangawa da Badawa da Gizimawa da Fulani da Hausawa, kuma Hausar da muke yi yau ta zama tamu duka ne saboda an karɓi juna. Wanda aka karɓi kakansa, da wane baki zai ce wa yaro ba namu ba ne?

Bari mu duba abin da karɓa take haifarwa. Ladi Kwali Bagwariya ce, ta koyi ginin tukwane a wurin gwaggonta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, Bahaushe, ya ga aikinta ya tara tukwanenta a gidansa don ado. A nan Bature Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga makarantar tukwane da ya buɗe a Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta kai aikinta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Mutum uku daga al'umma uku suka sa hannu a kanta, kuma da ɗayansu ya ce ba tamu ba ce, da ƙasa duka ta yi asara.

Saboda haka amsarmu ita ce, gwaninta amana ce. Babu gwanin da ya haifi iyawarsa. Wani ya riƙe hannunsa, wani ya yi haƙuri da ɓarnarsa, wani ya ba shi aikin farko tun bai yi suna ba. Bashin nan ba a biyan shi ga wanda ya bayar, domin sau da yawa ya riga ya rasu, na baya ake biya wa. Kuma biyan yana da ƙafa uku kamar murhu. Ta farko ita ce malami mai koyarwa da gaske, wanda zai bar yaro ya riƙe kayan aiki, ya ɓata, a gyara masa. Ta biyu ita ce guzuri, gama yaron da ke ciyar da uwarsa da kuɗin lebura ba zai iya barin lebura ya zauna koyo ba sai an ɗauke masa abinci da kuɗin mota. Haka kuma yarinyar da ta sami gurbi a sashen zanen gine-gine na Zariya ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, gurbin ba shi da amfani idan babu kuɗin rajista da na kayan zane. Ta uku ita ce aikin farko bayan yaye, domin wanda aka koya wa aka kuma hana shi mai ba da aiki, an kai shi bakin rijiya ne aka karɓe guga.

Wani zai ce, idan aka keɓe tallafi don waɗanda aka daɗe ana hanawa, ai an sāke yin wariya ne ta wata fuska. Maganar tana da nauyi, kuma mun ga yadda rabon gurabe bisa jiha da ƙabila yakan ƙare a hannun 'ya'yan manya na kowace ƙabila. Amma adalci shi ne a ba kowa abin da ya cancanta, ba a raba daidai da daidai ido rufe ba. Uwa ba ta zalunci mai lafiya ba don ta ƙara wa mara lafiya kunu. Abin da za a kiyaye shi ne ma'auni: a duba bukata da ƙwazo da irin shingen da ke gaban yaro, kada a duba sunan da zai faranta wa mai bayarwa rai. Kuma kada a sassauta ingancin aiki saboda tausayi. Bango karkatacce karkatacce ne ko wa ya yi shi, kuma yaba wa yaro a kan aikin banza wani salon raini ne.

Wani gwanin kuma zai ce, na koya wa yaro, ya buɗe shago kusa da nawa ya ɗauke mini masu ciniki. Wannan yana faruwa, kuma yana da zafi. Shi ya sa amanar tana hawa kan ɗan koyo ma: ya cika shekarun da aka yi alkawari, kada ya saci kayan aiki, kada ya ɓata sunan maigidansa, ya tuna da shi ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Amma tsoron butulci bai isa hujjar rufe ƙofa ba. Manomin fadama ya san tsuntsaye za su ci wani abu daga shinkafarsa, bai kuwa fasa shuka ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne, kuma yana cikin ikonmu. Kowane mai shago, kafinta ne ko mai fenti ko mai labule, ya ɗauki yaro ɗaya wanda ba danginsa ba, ba kuma ƙabilarsa ba. Masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari su ɗauki nauyin guzurin ɗan koyo ɗaya har ya gama, su rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu. Mai sāke gini bayan ambaliya ya ba sabon hannu ɗaki ɗaya ya gwada. Tsofaffin magina da suka rage kuma, a je wurinsu da girmamawa tun suna da rai, a koyi makuba da laso da zanen dagi, domin mai tsara ɗakin zamani da ya san waɗannan yana da abin da ba a sayowa daga waje. Allah ya ba mu zuciyar da za ta yi murna ranar da yaron da muka koya wa ya fi mu.