Nazari ne ko caca?

Jama'a, yaranmu na shago a Kasuwar Wuse sun samo hujja: wai su ba caca suke ba, nazari suke. Sai sun duba wa ya ji rauni, wa ke wasa a gida, sannan su zuba kuɗi a Bet9ja. Ai ɗan kasuwa ma hasashe yake, in ji su.

To, amma mai sarin shinkafa, ko farashi ya faɗi, buhunsa na nan. Maisir ɗin da Suratul Ma'ida ta hana kuwa, cin wani faɗuwar wani ne. A ce mutum biyu sun sa dubu-dubu, kowa da ƙungiyarsa. Kamfani ya ba wanda ya ci 1,900, ya soke ɗari a aljihu, ko wa ya ci. Wane nazari ne zai taɓa wannan ɗarin?