Dabba Ba Ta da Baki: Wa Za Mu Ba Amanarta?

'Yan'uwa, akwai wata tambaya wadda muka daɗe muna juyawa a zuciya, muna kuwa jin nauyin kawo ta cikin wannan jarida, gama wani zai ce ba ta isa a ɓata tawada a kanta ba. Tambayar ke nan: sa'ad da karen gida, ko kyanwa, ko akuya ta kwanta ciwo, wurin wa ya kamata mu kai ta? Akwai kuma wata a ƙarƙashin wannan: ko akwai alhaki cikin wannan zaɓe, ko kuwa maganar kuɗi ce kaɗai, kamar zaɓen mai gyaran keke?

Abin da ya sa muka daina jin nauyi shi ne abin da ya sami gidan wani maƙwabcinmu. Yana da kare mai tsaron gida, yaransa kuwa suna wasa da shi kullum. Ran nan wani saurayi ya zo bisa babur da jaka a rataye, ya ce shi likitan dabbobi ne, yana yi wa karnuka allurar rigakafin hauka a kan rabin kuɗin da a ke biya a asibitin dabbobi na gari. Ya ciro kwalba daga cikin jakar da ta wuni a rana, ya yi allura, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi. Bai rubuta kati ba, ba kuwa wanda ya tambayi sunansa. Bayan 'yan watanni karen nan ya yi faɗa da wani baƙon kare da dare, ba a daɗe ba kuma ya ciji ɗiyar mai gida a hannu. A asibiti aka tambayi uban, "An yi wa karen allura?" Ya ce i. "Wa ya yi? Ina katin?" Sai ya yi shiru. Dole aka fara yi wa yarinya allurai, aka ɗaure kare kwana 10 ana dubansa. Karen ya tashi lafiya, yarinya ma lafiya, mun gode Allah. Amma kuɗin da aka kashe ya ninka wanda aka so a rage sau da yawa, uwar yarinya kuwa ta yi kwana 10 barci bai ɗauke ta sosai ba. Araha ba ta ado.

To, bari mu duba tushen maganar. Mutum in ya je wurin likita, yana da baki. Yana iya cewa, "Ba nan ba ne, likita, nan ne." In magani bai karɓe shi ba, zai koma ya faɗa. In an cuce shi, zai kai ƙara, ko kuwa ya ba da labari a kasuwa har mutane su guji wurin. Dabba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya ɗura wa kare ruwa zalla da sunan magani, karen zai kaɗa masa wutsiya kamar yadda zai kaɗa wa wanda ya cece shi. Saboda haka aikin likitan dabbobi yana bukatar abu biyu fiye da yawancin ayyuka: ilimi, domin mara lafiyar ba zai taimake shi da bayani ba, da gaskiya, domin ba shaida a kansa. Tun da ya ke dabbar ba ta iya zaɓa wa kanta, zaɓen duka yana wuyan mai ita. Mu muka ɗaure ta a gidanmu, mu muka hana ta neman abincinta a jeji, ta saba da hannunmu har ta ba mu gaskiya. Keke ba ya jin zafi in mai gyara ya yi kuskure. Kare yana ji.

Yanzu wani ɗan'uwa zai tashi ya ce, "Kai, malam, yarana ba su da kuɗin makaranta, matata tana fama da zazzaɓi, sa'an nan ka ce in kai kare asibiti?" Ba za mu raina wannan magana ba, gama da gaskiya a cikinta. In kuɗin da ke hannu bai isa duka biyu ba, yaro ne farko, ba gardama. Mun kuma ga wani abu a manyan birane wanda ya ke ba mu kunya: gidan da a ke kashe wa karen ƙasar waje abin da ya fi albashin mai gadi, mai gadin kuwa an riƙe masa kuɗinsa wata biyu. Wannan ba tausayi ba ne, alfarma ce ta sa rigar tausayi.

Amma sau da yawa zaɓen ba tsakanin yaro da kare ya ke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, wajen 4 cikin 10 kuwa yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu daga kare suka samu. Ciwon nan in ya riga ya nuna kansa a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa ya tsira, har yau kuwa hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tare ciwon a jikin kare: in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yawo. Watau allurar da aka yi wa kwikwiyo yana ɗan wata 3 maganin yaran gida ne, da na maƙwabta. Wanda ya zaɓi mai allurar banza ba karensa kaɗai ya yi wa caca da rai ba. (Bari mu faɗa a nan tun ba mu manta ba: wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a jira a ga yadda kare zai yi.)

Ko da ya ke wannan amsa gaskiya ce, ba ta gamshe mu sarai ba. Gama in dalilinmu duka shi ne amfaninmu, to, me za mu ce a kan tsohon kare wanda haƙoransa suka zube, ba ya iya tsaro kuma? Saniya tana biyan kuɗin maganinta da nono, akuya da 'ya'ya, jaki da kaya. Ba wuya mutum ya kula da su. Ko marar tausayi ya san lissafi. Inda a ke gane halin mutum shi ne wurin dabbar da ba ta da sauran abin biya. Shekara goma ta kwana a ƙofarka cikin sanyin hunturu. A ganinmu bashi ne a kanka, ko da ya ke ba alƙalin da zai tilasta ka. Yaran gida kuwa suna kallo. Yaron da ya ga an jefar da tsohon kare a bola domin amfaninsa ya ƙare ya koyi wani darasi, ba mu kuwa so ya tuna da shi ran da mu muka tsufa.

Ilimin da mu ke nema a wurin likitan dabbobi ba daga sama ya faɗo ba, kakanninmu sun biya shi da tsada. Bushiya ta shigo Afirka ta gabas a 1887, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu ta share garken Fulani, har masu dukiya suka wayi gari da sanda kaɗai. Domin yaƙi da ita aka kafa wurin binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, har yau kuwa a can a ke yin allurai iri iri na dabbobi da kaji. A 1962 aka fara babban hujin shanu na haɗin gwiwa a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Sa'ad da aka yi sakaci, ciwon ya komo wajen 1983 ya yi ɓarna mai yawa. Sai a 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Ba da sa'a aka ci wannan nasara ba, sai da mutane masu horo waɗanda suka kiyaye magani cikin sanyi, suka yi wa kowace saniya alama a kunne, suka rubuta abin da suka yi. Yau ana koyar da likitocin dabbobi a jami'o'i kamar ta Ibadan da ta Zariya, akwai kuma majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa wadda doka ta ba ikon yi musu rajista. Saboda haka tambayar mutum inda ya yi karatu, da ko yana da rajista, ba cin mutunci ba ne. Mai gaskiya ba ya fushi da ita.

Ban da takarda, akwai abin da ido zai gani. Ka duba ko akwai firiji mai aiki, ko akwatin ƙanƙara, gama allurar rigakafi in ta sha zafi ta mutu, ko da kwalbar tana nan da kyaunta. Ka duba ko ya taɓa dabbar: ya auna zafin jikinta, ya buɗe baki da ido, ya tambaye ka tun yaushe, me ta ci, yaya kashinta. Wanda ya zuƙi allura tun ba ka gama gaisuwa ba, mai sayar da magani ne. Ka duba ko yana faɗin kuɗi tun da fari, yana kuma rubuta kati da kwanan wata da sunan magani. Ka lura da yadda ya ke kama dabbar, da yadda yaransa su ke yi da ita sa'ad da su ke tsammani ba ka kallo. In akuya ce ko saniya ko kaza, likitan kirki zai gaya maka kwana nawa za a yi kafin a sha nono ko a ci nama, domin magani yana saura a jiki. Zai kuma tsawata maka a kan ba dabba maganin mutane. Ƙwayar Panadol ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Amma alamar da muka fi ba gaskiya ita ce wadda ta fi wuyar samu: mutumin da zai iya cewa, "Ban sani ba, sai a kai jini a duba," ko kuwa, "Wannan ba shi da magani, kada ka ɓata kuɗinka." Masu kiwon aladu a cikinmu sun san wannan. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya shigo Nijeriya a 1997, ba shi da magani. Duk da haka in ya faɗo gari sai ka ga masu jaka suna yawo gida gida suna sayar da allura, suna kuma ɗaukar ciwon a takalmansu daga wannan garke zuwa wancan. Likitan da ya ce maka ba magani ya yi hasarar ciniki domin ya gaya maka gaskiya. Irinsa ne za ka iya ba amana ran da magana mai nauyi ta zo, watau ran da dabbar ta kai inda rayuwarta azaba ce kawai. Ko ya dace a kashe ta a hutar da ita? Mu dai muna ganin ya dace, in an tabbata ba waraka, aka kuma yi shi ba tare da wahala ba. Amma wannan hukunci yana da tarko biyu. Akwai mai gida da ya gaji da ɗawainiya ya kira gajiyarsa tausayi. Akwai kuma likitan da zai ja ciwon ya daɗe domin kuɗin allura. Ba mu san wata ƙa'ida da za ta raba su daga waje ba. Sai dai mutum ya tambayi zuciyarsa, ya kuma sami likitan da ya riga ya gwada gaskiyarsa cikin ƙananan abubuwa.

Kada mu yi wa mutanen ƙauye rashin adalci. Yawancin likitoci suna birni, akwai kuwa 'yan'uwa da za su yi tafiyar wuni kafin su ga asibitin dabbobi. A wurinsu malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko wani ɗan gari da aka ba ɗan horo, shi ne abin da ke akwai, da yawansu kuma suna aiki da aminci: suna ba da maganin tsutsar ciki, suna kashe kaska, suna wanke miki. Ba babur ko jaka ne laifi ba. Bambancin shi ne, na kirki ya san iyakarsa, an san gidansa, yana da likita a sama da shi wanda zai kira in abu ya fi ƙarfinsa. Wanda ya zo gidan maƙwabcinmu ba a san inda ya fito ba, ba a kuma sake ganinsa ba.

Abu ɗaya da jama'a za su iya yi wanda mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne su haɗa kai. In gidaje ashirin ko talatin na unguwa suka sa rana, suka aika wa ofishin dabbobi, kuɗin hanya da na ƙanƙara zai rabu a kan kowa, a yi wa karnuka da kyanwoyi duka a wuni ɗaya. Ranar 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da haukan kare, a wurare da dama kuwa a kan yi allura kyauta ko da rangwame a makon nan. Yana da kyau dattawan unguwa su tambaya tun watan Agusta. Maƙwabcinmu ya riga ya kai karensa asibitin gari an sake allurar. Katin yana cikin akwatinsa tare da katin rigakafin yaransa.