Araha: Rabonmu Ce Ko Haƙƙin Wani?

Akwai wani irin farin ciki da duk mai zuwa kasuwa ya sani, wato na komawa gida da kaya niƙi-niƙi alhali kuɗin da aka fita da su ba su ƙare ba. Saboda shi ne idan ranar kasuwa ta faɗo a ƙarshen mako, mu ma'aikata da malamai da ɗalibai mukan bar Lafiya da sassafe, mu kama hanyar Shandam mu nufi Assakio, inda doya da riɗi da agushi ke fitowa daga hannun manomi kai tsaye. In mun gama da 'yan doya sai mu karkata wajen 'yan gwanjo, mu tsuguna muna tonon riguna da takalma. Da yamma kowa ya baje abin da ya samo, yana bugun ƙirji da yadda ya karya farashi. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce: kuɗin nan da suka saura a aljihunmu, daga aljihun wa suka fito?

A ganinmu araha iri biyu ce, kuma kamanninsu ɗaya a ido. Akwai arahar yalwa, akwai arahar matsi. Ta farko ita ce wadda damina mai albarka ke kawowa: kaya sun yi yawa, manomi ya sayar da sauƙi, amma ya mayar da kuɗin taki da na ƙwadago har ya ga riba. Irinta ce kuma ake samu a Amurka, inda magidanci kan fito da tsofaffin kayan gidansa ƙofar gida ranar Asabar ya karyar da su, domin sun cika masa ɗaki. Wanda ya saya ya rage masa nauyi ne. Ta biyu kuwa ita ce wadda larura ke haifarwa: kuɗin makaranta sun zo, ko mace tana asibiti, ko mai bashin taki ya tsaya a ƙofa. A nan mai kaya yana sayarwa ne da wuƙa a wuya, mai saye kuma yana cin ribar wuƙar.

Mu ɗauki doya. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomanta, kuma jihar Nasarawa na cikin yankunan da ke ciyar da ƙasa da ita. Amma doya ba gero ba ce da za a zuba a rumbu a manta. Tana ruɓewa, tana tsiro, tana ramewa. Manomin da ya biya kuɗin mota ya kawo ƙwarya guda kasuwa, wato doya ɗari, ya san mayar da ita gida wata asarar ce, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Mai saye ma ya san haka. Shi ya sa wasunmu kan ƙi taya kaya da hantsi, su jira sai rana ta yi sanyi kasuwa ta fara watsewa, sannan su zo da tayin wulaƙanci. Wannan dabara muna kiranta iya ciniki. Ya kamata mu tambaya ko ba ta da wani suna mafi dacewa.

Gwanjo ma haka yake da fuska biyu. Ya bunƙasa ne bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari mai ƙaramin albashi. Dila-dila ake shigo da shi daga Turai da Amurka, da yawa ta Kwatano, ya sauka a manyan kasuwanni irin Ƙofar Wambai ta Kano, daga nan ya watsu har ƙauyuka. Ba mai musun cewa ya rufa wa talaka asiri. Sai dai a gefen dilar Turai akwai wani gwanjon na gida: keken ɗinki, tukunyar ƙarfe, kwallar da aka jera wa amarya, atamfar da ba a ɗaura ba sai sau biyu. Waɗannan ba su fito kasuwa don ɗaki ya cika ba. Dillaliyar da ke yawo da su takan ɓoye sunan mai su, kuma wannan ɓoyewar kaɗai ta isa ta gaya mana halin da ake ciki a gidan.

Mai karatu na iya cewa, to ai mu ma a matse muke, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, kuma in ba mu saya ba doyar ruɓewa za ta yi. Ban da haka, ciniki al'adarmu ce tun kaka da kakanni: mai kaya ya yi suna, mai saye ya taya, ba wanda aka ɗaure wa hannu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba muna kira ne a daina tayi ba. Amma mu dubi yadda Bahaushe ya gina cinikin nasa. Ya ba mai saye tayi, ya ba mai kaya kalma ɗaya ta kare kai, wato “albarka”. Da ita yake mayar da tayin da bai yi masa ba, cikin ladabi, ba tare da an ɓata ba. Muddin mai kaya yana da ikon cewa albarka ya kuma tsaya a kanta, to ciniki ya zama yarjejeniyar mutum biyu masu 'yanci, duk abin da aka sallama halal ne. Ranar da larura ta ƙwace masa wannan kalma, ya zama kowane tayi sai ya karɓa, to bakinsa ne ya sallama, zuciyarsa ba ta sallama ba. Wannan shi ne ma'aunin da muke ganin ya raba rabo da haƙƙi.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Fiƙihun Musulunci ya hana tare masu kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi, ya kuma hana tayin ƙarya da ake yi don a ruɗi wani. Annabi Amos a Littafi Mai Tsarki ya yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu da masu cin ribar fatarar matalauci. Kasuwar Assakio, inda Alago da Eggon da Tibi da Bahaushe da Bafillace ke haɗuwa, ta gaji waɗannan koyarwa duka biyu. Abin lura shi ne, dukkansu sun ɗora nauyin ne a kan wanda ya fi sani ko ya fi ƙarfi a cikin cinikin, domin shi ne ke da zaɓi.

Saboda haka abin da ya rage gare mu ba mai wuya ba ne. Mu taya babban ɗan kasuwa iyakar iyawarmu, domin ya san inda zai tsaya. Amma tsohuwar da ta zo da mudu uku na riɗi, kada mu nemi gyara a wurinta. Idan muka ga mai kaya ya sallama da gaggawar da ta wuce hankali, mu tsaya a farashin da muka san shi ne na kasuwa, ko da zai karɓi ƙasa da haka. Wannan ba sadaka ba ce. Biyan abu ne da kuɗinsa. Manomin da aka karya bana, baɗi zai rage kunya a gonarsa, tsadar kuma a kanmu za ta sauka. Mu ma masu albashi watan larura yana zuwa mana, mu fitar da rediyo ko keke mu miƙa wa dillali, muna fatan Allah ya haɗa mu da mai saye mai tsoronsa. Hausawa dai sun riga sun faɗa, da sunayen garuruwan da ke maƙwabtaka da mu: abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.